Tabar Lofe ta Early Morning Pipe Bayan an Cire Mata Sunan Dunhill

A ƙarshen watan Disamba ɗan ƙanwata da ke karatu a Ingila ya zo hutu Katsina, ya same ni a zaure bayan la'asar, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ajiye ƙaramin gwangwani mai gram 50 a bakin tabarma. Ya ce, "Kawu, na zaga kantuna uku ban samu mai sunan da ka rubuta mini ba, amma mai kanti na ƙarshe ya tabbatar mini wannan ita ce, suna kawai aka sauya." Zakaran nan mai cara a gaban hudowar rana yana kan murfin kamar yadda na san shi fiye da shekara talatin, rubutun Early Morning Pipe ma yana nan, sai dai inda idona ya saba ganin Dunhill yanzu Peterson aka rubuta. Na daɗe da jin labarin wannan sauyi, amma ban taɓa riƙe sabon gwangwanin ba, domin ina ta lallaɓa abin da na tara tun 2017. Mako shida na yi ina shan sabuwar a lofe uku dabam-dabam, ina gwada ta da ragowar tsohuwar, kuma abin da na tarar shi zan bayyana wa 'yan tsirarun mashaya lofe da suka rage a garin nan da kewaye, waɗanda wasunsu suka riga suka fid da rai da wannan haɗi.

Wajibi ne in faɗi wani abu tun da wuri. Taba kowace iri ce tana cutar da jiki, lofe ma yana jawo ciwon daji na baki da maƙogwaro ko da mutum ba ya haɗiye hayaƙin, dokar ƙasa ta 2015 ta hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba, kuma malamanmu da yawa suna ƙyamar ta, wasu ma sun haramta ta. Ba na fatan wani yaro ya karanta wannan ya je neman lofe. Da waɗanda suka riga suka tsufa da shi nake magana.

Kafin a yanke wa gwangwanin hukunci, ya kamata a san hannun da ya bi ya iso nan, domin yawancin kukan da nake ji daga abokai ya samo asali ne daga rashin sanin wannan. Alfred Dunhill ya buɗe kantinsa a titin Duke da ke Landan a 1907, inda ake haɗa wa kowane mai saye irin tabar da yake so, a rubuta haɗin a littafi a ba shi lamba, kuma daga nan ne sunan haɗin tabar nan My Mixture 965 ya fito. A 1981 aka mayar da aikin haɗa tabar zuwa masana'antar Murray da ke Belfas. Wannan ita ce wadda na fara sha lokacin da aka tura mu kwas Ingila a ƙarshen shekarun 1980, kuma ita ce har yau tsofaffi irina suke nufi idan suka ce "ta da". An rufe Murray a 2005, aikin ya koma masana'antar Orlik da ke garin Assens a Denmak. Bayan haka kamfanin British American Tobacco, wanda ya gaji sunan, wato uwar kamfanin nan da ke da masana'antar sigari a Ibadan, ya janye hannunsa daga tabar lofe, a 2018 kayan suka ɓace daga kantuna. A 2019 sai Scandinavian Tobacco Group, mai masana'antar Assens ɗin, ya dawo da da yawa daga cikin haɗe-haɗen a ƙarƙashin sunan Peterson, har da Nightcap da Royal Yacht da 965 da wannan da ke gabana. Abin lura a nan shi ne, masana'antar da ta yi gwangwanina na 2017 ita ce ta yi wanda ɗan ƙanwata ya kawo.

Da na sa kwabo na ɓalle murfin, sai da ya yi ƙarar shigar iska, alamar cewa hatiminsa bai taɓa buɗewa ba. Tabar an yanka ta siri-siri, launinta ya haɗa ruwan zuma da ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon baƙi, kuma danshinta daidai yake, ba ta manne wa yatsa, ba ta kuma marmashewa. Ganye iri uku ne a ciki. Akwai na Bajiniya, mai zaƙi mara nauyi irin na karan takanɗa. Akwai ƙananan ganyen nan na yankin Turkiyya da Girka da ake shanyawa a rana, masu ƙamshin harawa da ɗan tsami a bayan harshe. Sai Latakiya, baƙin ganyen da ake turarawa da hayaƙin itatuwa masu ƙamshi na tsawon watanni, wanda ya samo sunansa daga wani gari na bakin teku a Siriya, ko da yake na Siriyan ya ƙare a kasuwa, an daɗe ana dogaro da wanda ake turarawa a tsibirin Saifurus. A wannan haɗi Latakiya kaɗan ce, ƙaurinta yana zuwa ne kamar na tukunyar ƙasa da ta daɗe a kan murhu, ba ya danne sauran.

Na cusa ta sama-sama a lofen icce mai matsakaicin kai, ashana biyu suka ishe ta kamawa, ta ci gaba da ci a hankali har ƙasa ba tare da ta yi ta mutuwa ba. A kashi na farko ganyen Turkiyya ne ke gaba, da tsaminsa da ɗan yaji mai laushi a hanci. Idan wuta ta kai tsakiya sai zaƙin Bajiniya ya taso, ƙaurin Latakiya ya zauna a ƙarƙashinsu, a haka kuma take tafiya har ta bar toka fara-fara mai laushi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a gindin lofen. Ba ta ƙona harshe matuƙar ba a yi mata gaggawar zuƙa ba, ba ta kuma da ƙarfin da zai juya wa mutum kai ko da bai karya kumallo ba, wanda shi ne dalilin sunanta. Ni da shayi mara madara nake haɗa ta bayan na dawo daga masallaci da asuba, a lokacin sanyin nan da gari bai gama wayewa ba, kuma ta fi daɗi a lofe mai faɗin baki fiye da mai zurfi.

Da na gwada ta da ta 2017, na ji bambanci, amma ba irin wanda ake ta yayatawa ba. Tsohuwar ta fi taushi, zaƙinta ya nuna har yana kama da na dabino, ƙaurinta kuma ya lafa sosai. Sabuwar ta fi kaifi da haske. Duk wanda ya taɓa ajiye taba a kwalba ya san haka shekaru suke yi mata: Bajiniya tana ƙara zaƙi, Latakiya tana rage murya. Na kira wani abokina, tsohon malamin makaranta da ke zaune wajen Ƙofar Marusa, wanda ya fi ni rantsuwa cewa an lalata tabar, na cusa masa lofe biyu ban gaya masa wacce ce wacce ba. Ya sha ya yi shiru, can ya ce, "Alhaji, wannan ta fi waccan kwana a duniya, amma uwarsu ɗaya." Ra'ayina ke nan. Wanda yake neman ɗanɗanon Belfas ba zai same shi a nan ba, kamar yadda bai same shi ba a gwangwanin 2010 mai sunan Dunhill ɓaro-ɓaro a kansa. Wancan ya tafi tun 2005, kuma ina zargin cewa wani ɓangare na abin da muke tunawa game da shi ƙuruciyar harshenmu ce a wancan lokaci.

Matsalar da mai shan lofe a Katsina zai fuskanta da wannan gwangwani ta yanayinmu ce. Taba mai siririn yanka ba ta jure hunturu, idan aka buɗe aka bar ta a gwangwaninta, cikin 'yan kwanaki za ta bushe ƙayau, ta riƙa ci da sauri tana zafi, ƙamshin ganyen Turkiyyan nan kuma shi ne farkon gudu. Ranar da na buɗe na juye ta a kwalbar gilashi mai murfi da zoben roba, nake ɗibar ta kwana biyu-biyu a ƙaramar jaka. Idan ta riga ta bushe, ana wanke ɗan tsingaro a jiƙa shi da ruwa mai tsabta, a tsane shi, a sa a kwalbar na dare ɗaya, da safe a cire. Kada a yi wannan da damina, domin fumfuna za ta kama ta, kuma tabar da ta yi fumfuna sai zubarwa. Da bazara kuwa, lokacin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ɗakin ƙasa ya fi na kwano, ni kusa da randa nake ajiye kwalabena inda rana ba ta kaiwa.

Samun ta ma aiki ne. Kantunan garin nan sigari da tabar shisha suke ajiyewa, ban san inda ake sayar da tabar lofe ta gwangwani ba tun daga Babbar Kasuwa har GRA, saboda haka sai dai saƙo ta hannun matafiyi, ga shi kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kowane gwangwani ya zama abin lissafi ga ɗan fansho. Na taɓa saye ta intanet daga wani mai sayarwa a Legas, gwangwanin ya iso murfinsa yana juyawa da yatsa biyu, tabar ciki ta zama gari. Duk wanda zai saya ya gwada murfin tukuna, idan ya buɗe ba gardama to iska ta riga ta shiga.

Abin da ya fi damuna ya wuce wannan gwangwani. A 2018 ɗin da Dunhill ta ɓace, kamfanin McClelland na birnin Kansas a Amurka ya rufe bayan shekara 40 yana aiki, masu shi suka ce jan ganyen Bajiniya mai ingancin da suke buƙata ya daina samuwa, ga kuma nauyin sababbin ƙa'idojin hukumar abinci da magunguna ta ƙasarsu. Ba su sayar wa kowa da sirrin haɗinsu ba, shi ya sa tabarsu Frog Morton da 'yan'uwanta suka tafi ke nan. Tun 2011 Scandinavian Tobacco Group ya sayi kamfanin Lane, masu tabar Captain Black. A 2024 kuma ya sayi Mac Baren na garin Svendborg, kamfanin iyali da ya faro tun 1887, wanda yake riƙe da St Bruno da Capstan da Amphora, sunayen da tsofaffin ma'aikatan gwamnati na zamaninmu suka sani, tare da reshensa na Amurka, Sutliff, da ke Richmond. Ba a jima ba aka sanar da rufe masana'antun biyu, da mayar da aikin Assens, da kuma soke haɗe-haɗe masu yawa. Sutliff ɗin nan shi ne wanda ya shahara da kwaikwayon tabobin da aka daina yi, har da wannan ta zakara, wato wurin da mutane suke gudu idan tasu ta ɓace shi ma an rufe shi. Dalilin a fili yake: masu shan lofe suna raguwa a ko'ina, haraji da dokoki suna ƙaruwa, kuma kamfanin da ke da masu hannun jari ba zai ci gaba da haɗa tabar da mutum ɗari biyu kawai suke nema ba. Na yaba da yadda suka riƙe Early Morning Pipe, amma yanzu kusan duk abin da na taɓa sha a rayuwata daga ƙofa ɗaya yake fitowa, kuma shawarar mutanen da ke bayan wannan ƙofa ce za ta nuna wanda zai rage.

Mu nan hanyoyin da muke bi ba su da yawa. Wanda ya samu matafiyi yakan yi wa sauran magana a haɗa saƙo, wanda tasa ta ƙare a ɗiba masa a takarda har Allah ya kawo wata. Wasu a ƙasashen waje suna sayen gwangwani ɗari su jibge, har farashin tsofaffin gwangwanaye ya ninka sau da yawa a hannun 'yan kasuwa, mu kuwa ko muna so aljihu ba zai bari ba, kuma ban ga hikimar biyan kuɗin buhun gero a kan sunan da ke jikin murfi ba alhali tabar tana nan da wani suna. Ni abin da na ƙara shi ne komawa ga ganyen gida. Ƙasar Katsina ta daɗe da sanin taba, kakana da lofen yumɓu mai dogon kara yake shan wadda ake nomawa a bayan gari, kuma har yanzu ana samun busasshen ganyen a kasuwannin ƙauye irin su Charanchi, kafin a daka shi da kanwa a mai da shi taba gari. Shi kaɗai yana da ƙarfi ƙwarai, yana kuma kartar maƙogwaro. Amma da na cire jijiyar, na yanka shi siriri, na bar shi wata biyu a kwalba, sai na ga kashi ɗaya nasa a cikin kashi biyar na Early Morning Pipe yana ƙara mata jiki ba tare da ya kashe ƙamshinta ba. Idan ya wuce haka, ganyen Turkiyyan ya nutse.

Ga wanda ya saba da ita daga 2005 zuwa 2018, ina ba shi shawarar ya saya ba tare da shakka ba, tabarsa ce. Wanda yake son hayaƙi mai nauyi na bayan isha'i, Nightcap ta fi dacewa da shi, domin ita tana da Latakiya mai yawa da kuma ganyen Perik na jihar Luwiziyana ta Amurka. Ɗan ƙanwata zai dawo da babbar sallah, na kuwa riga na gaya masa ya zo mini da guda biyu. Ɗaya zan buɗe, ɗayan kuma zan rubuta kwanan wata a gindinsa in ajiye kusa da randa na shekara biyar, in Allah ya kai mu, domin in gwada shi da ɗan abin da ya rage a kwalbar 2017, wanda yanzu bai wuce cikin lofe huɗu ba.