Tsofaffin Lasifikun Situdiyo: Wacce Ake Saya da Akwatinta, Wacce Ake Kai wa Kafinta

Duk wanda ya taɓa haɗa waƙa a situdiyo ya san wannan takaicin: a ɗaki ta yi daɗi kamar me, amma da aka saka ta a waya ko a cikin adaidaita sahu sai muryar mawaƙi ta nutse, ganga ta danne komai. Lasifikar situdiyo ba don ta faranta maka rai aka yi ta ba, aikinta ta tona asirin sautin tun kafin ya fita kasuwa. Shi ya sa har yau masu sana'ar ke farautar wasu tsofaffin samfura na Amurka da Ingila da Japan, waɗanda wasunsu sun girmi iyayenmu. Kafin ka fitar da kuɗinka akwai tambayar da ta fi ta suna da farashi muhimmanci: wannan lasifikar, akwatinta na asali wani ɓangare ne na muryarta, ko kuwa dama can tsirara ake sayar da ita kowa ya yi mata gida? Amsar ce ke raba wadda za ka iya kai wa kafinta da wadda in ka taɓa akwatinta ka yi asara.

Mu fara da Yamaha NS-10M, baƙin akwati mai farin faifai, wadda kusan kowa ya taɓa gani a hoton wani situdiyo. Ta fito a 1978 a matsayin lasifikar falo, Akira Nakamura ne ya tsara ta, kuma a falon ba ta yi farin jini ba saboda kaifin muryarta. Injiniyoyin sauti ne suka ɗauke ta, har wasu irin su Bob Clearmountain suka riƙa lulluɓe tuwitarta, wato ƙaramar da ke fitar da siririn sauti, da takardar tishu don rage tsinin. Yamaha ta fitar da NS-10M Studio a 1987 wadda ake kwantarwa a gefe, aka daina ƙera ta a 2001. Wufarta, babbar mai fitar da kauri, santimita 18 ce, akwatin kuma rufaffe ne ruf mai cin lita 10.4. Tana turo tsakiyar sauti gaba, wajen 1 zuwa 2 kHz, daidai inda muryar mutum da kukan fiyano suke cunkushewa, bes ɗinta, wato sauti mai kauri, kaɗan ne amma ba ya jan ƙafa, da an buga ya tsaya. Ga mai haɗa waƙoƙin da murya ce jarinsu, wannan hali ne mai amfani, ko da yake awa uku a gabanta kunne zai gaji. In ka ga layin ɗinki a jikin farin faifan kada ka ɗauka yagewa ce, da shimfiɗaɗɗiyar takarda aka naɗe shi aka manne. Ita dai a saye ta cikakkiya. Ba wani abin da kafinta zai ƙara mata.

Haka BBC LS3/5A, har ma ta fi tsanani. Sashen bincike na BBC ne ya tsara ta don motocin watsa shirye-shirye daga waje, inda wuri ya yi ƙunci kuma abin da ake so shi ne a ji muryar mai magana yadda take. An fara ƙera ta a tsakiyar shekarun 1970, kamfanoni irin su Rogers, Chartwell, Spendor da Harbeth suka karɓi lasisi. Wufa KEF B110 ce, tuwita KEF T27, akwatin bai wuce lita 5 ba. Na farko ohm 15 ne, daga ƙarshen shekarun 1980 aka koma ohm 11. Abin da ya sa ba a yi mata akwatin gida shi ne BBC da gangan suka zaɓi siririn filawud na itacen birch mai kaurin milimita 12, suka manna masa shimfiɗar kwalta daga ciki, suka kafa sandunan itacen beech a kusurwoyi, domin bangon ya yi rawarsa a ƙasa can inda ba zai gurɓata murya ba. Ka sa katako mai kauri da nufin ingantawa, ka fito da wata lasifika daban. Kurosobarta ma, wato allon da ke raba sauti tsakanin wufa da tuwita, an daidaita ta ne da lasifikun da ke cikin wannan akwatin. Ga mai aikin rediyo, karatun littafi, wa'azi ko fassarar fim, da wuya a samu kamarta. Sai dai ba ta da ƙara, ba ta son a matsa mata, kuma masu tara kayan tarihi sun sa kuɗinta ya yi sama ƙwarai. Mai kiɗan biki ya ba ta hanya.

JBL 4311 ita ce muryar situdiyoyin Amurka na shekarun 1970. Ta gaji 4310, ita kuma 4312 ta gaje ta, 'yar'uwarsu ta falo ita ce L100. Hawa uku ce: wufa inci 12, ta tsakiya inci 5, sai tuwita, da ƙofar iska a gaba. Tana da ƙarfi da armashi, ganga da kalangu suna fitowa da rai, amma ba ta faɗin gaskiya tsantsa, tana ƙara gishiri a bes na sama da kuma tsakiya. Abin da ya sa nake ganin ta dace da ƙasarmu shi ne zoben da ya riƙe faifan wufarta na yadi ne mai ninki, ba soso ba, don haka zafi bai cika cinye shi ba. Kurosobarta mai sauƙi ce, kafasito biyu da maɓallan rage ƙara biyu, duk mai gyaran rediyo zai iya da ita. Maɓallan ne ke yin tsatsa su riƙa yanke sauti. Akwatinta mai kusurwa huɗu ne ba wani sirri, in ruwa ko gara sun ci na asali ana iya kwafarsa, muddin an kiyaye faɗin ciki da girman ƙofar iska. A kula da abu ɗaya: yawancin tsofaffin lasifikun JBL a juye suke da na sauran kamfanoni, in ka ba jan kai wuta mai alamar tarawa faifan ciki yake komawa. Wanda bai san haka ba sai ya haɗa waya a karkace ya rasa inda bes ya tafi.

Manyan biyu su ne inda aikin kafinta yake da gaske. Altec 604 ta fito a 1944, lokacin James B. Lansing yana kamfanin, kafin ya fita a 1946 ya kafa nasa wanda ya zama JBL. Inci 15 ce, an dasa ƙahon tuwita a tsakiyarta, sauti mai kauri da siriri duk daga wuri guda suke fitowa. A Ingila kuma Ronald Rackham ya tsara wa Tannoy irin wannan dabara a 1947, wadda suka kira Dual Concentric, sai dai shi faifan wufar ne da kansa ya zama ci gaban ƙahon. Daga nan aka yi Monitor Silver, sai Red a ƙarshen shekarun 1950, Gold a 1967, HPD a 1974. Dukkansu an sha sayar da su tsirara. Situdiyoyin Landan da yawa a akwatunan kamfanin Lockwood suka zuba Tannoy ɗinsu, a Amurka kuma an saka 604 a akwatuna iri-iri, har UREI ta gina samfurinta 813 a kanta. Don haka wanda ya yi musu akwati yau bai saɓa wa al'ada ba.

Tsakaninsu, Altec ta fi ƙara da zafin nama, wat kaɗan ya ishe ta ta cika ɗaki, amma ƙahonta na iya yin tsawa in kurosoba ba ta da kyau, abin da ya sa Mastering Lab suka yi mata tasu kurosobar da ta yi suna. Tannoy ta fi laushi da daɗin zama, ni ita zan ɗauka in aikin na yini ne. Cikin Tannoy ɗin ma akwai zaɓi. Gold mai inci 15 gefenta ba ya ruɓewa, HPD kuwa mai inci 12 da 15 zoben soso gare ta, kuma soso mai shekara kusan hamsin ya zama gari, ko an canza shi ko za ka canza. Wannan ba aibi ne da zai hana saye ba, dalili ne na neman ragi. Red yawanci ohm 15 ce, Gold ohm 8, a duba abin da amfilifaya za ta iya. Kada ka sayi ko ɗaya ba tare da kurosobarta ba, ko aƙalla zanen yadda ake haɗa ta.

Za ka ji dillalai suna ta kururuwar alnico. Maganaɗisu ne da ake yi da alminiyam, nikel da kobalt, kuma shi ne a cikin tsofaffin. Rikicin lardin Shaba na ƙasar Zayar, wato Kwango ta yanzu, a 1978, inda ake haƙo kobalt mai yawa, ya sa farashinsa ya yi tashin gwauron zabi, kamfanoni irin su JBL da Tannoy suka koma maganaɗisun ferrite. Masu tarawa sun fi son alnico suna kuma biya. Mai aiki ba sai ya bi su ba, don alnico yana iya rasa ƙarfi in an taɓa dukan lasifikar da wuta fiye da kima ko ta faɗi, na ferrite kuwa ya fi juriya da araha.

Sai dai a faɗi gaskiya, inci 15 ba na ƙaramin ɗaki ba ne. Yawancin situdiyoyin da ke kan titin gidan Zoo a Kano da makamantansu shago ne guda da aka raba biyu. Irin waɗannan lasifiku suna son akwati mai cin lita 200 zuwa sama kowanne, suna son ka zauna nesa da su mita biyu ko fiye. A ɗaki mai taku huɗu bes zai taru a kusurwa ya yi ta gurnani, ka rage shi a waƙa, a waje kuma a ji ta fayau. Mai irin wannan ɗaki da ya nace wa Tannoy ya nemi mai inci 10 ko 12.

In ɗakin ya isa, ga yadda za a yi da kafinta. Lissafi na ciki ake yi, ba na waje ba: tsawo sau faɗi sau zurfi da santimita, a raba da 1000, ya ba ka lita. Ciki mai 100 da 62 da 38 ya ba da kusan lita 235, sai ka cire abin da lasifikar da sandunan tokare za su cinye. Kada ɓangarori biyu su zo daidai ko ɗaya ya zama ninkin ɗaya, don iska na yin amsa-kuwwa a ciki. Girman akwati da tsawon bututun iska ba da ido ake yanke su ba. Neville Thiele da Richard Small, waɗanda suka yi aikinsu a Ostareliya, sun bar mana ma'aunai uku na halin wufa da ake kira Fs, Qts da Vas. A nemo na samfurin da ke hannu a zuba a manhaja irin WinISD, wadda kyauta ce. A bisa al'ada, Qts ƙasa da 0.4 ya fi son akwati mai ƙofar iska, wanda ya haura haka ya fi son rufaffe. In an samu zanen akwatin asali, kamar 620 na Altec, bin sa ya fi sauƙi.

Katako kuma, filawud mai kyau na milimita 18, fuskar gaba a ninka biyu, don 604 kaɗai ta kai kilo 15 ko fiye. MDF, wato katakon garin itace da aka matse, yana da sauƙin yanka kuma ba ya ƙara, amma da ya sha laimar damina sai ya kumbura, sukuru kuma ba ya kama gefensa da kyau. Katakon gargajiya tsagagge, komai kyansa, yana motsi tsakanin hunturu da damina har ya buɗe a mahaɗa. A faɗa wa kafinta tun farko cewa ba durowa yake yi ba: gam a kowace mahaɗa, sukuru maimakon ƙusa, sanduna a tokare bango da bango, kuma in ban da ƙofar da aka lissafa, ko iskar bakin allura kada ta fita. A shimfiɗa auduga ko abin cikin matashi a bangon ciki ba tare da toshe bututun ba, a shafa maganin gara, a ɗaga akwatin daga siminti. A yi bututun yadda za a iya cire shi, don sau da yawa sai an rage ko an ƙara tsawonsa bayan an saurara.

Wanda bai taɓa yi ba ya fara da Auratone 5C, ko kwatankwacinta. Jack Wilson ya kafa kamfanin a Kalifoniya a 1958, kuma ɗan akwatin nan mai lasifika ɗaya tal, ba tuwita ba kurosoba, ya zauna a manyan situdiyoyi don a ji yadda waƙa za ta fito a rediyon talaka. Kowane gefe kusan santimita 16.5 ne. Da katako milimita 12 cikin zai zama kamar 14, wato lita 2.7. Gefunansa duk daidai suke, ya karya dokar da na faɗa ɗazu, amma ƙanƙantarsa da audugar da aka cusa sun rufa masa asiri. Ragowar yankan filawud ya isa, da lasifika mai inci 4 ko 5. Guda ɗaya ma ta wadatar, a tsakiyar tebur, tunda masu sauraronka da yawa ta lasifikar waya ɗaya za su ji ka.

Ranar saye, ko a Alaba ta Legas ne ko a Sabon Gari ko daga hannun wanda ya shigo da kayan gwanjo, ka tafi da mitar awon wuta da batir ɗan 1.5. Lasifika mai ohm 8 za ta nuna wajen 6 a mita, kuma biyun su zo kusa da juna. Taɓa batir a kan wufa kaɗai, ban da tuwita, ka ga faifan ya motsa. Danna shi a hankali da yatsu a kewaye, in ka ji karce koyil, wato naɗin wayar da ke bayan faifan, na gogar maganaɗisu. Kara kunne a kowace tuwita, su ne suka fi mutuwa kuma na asali sun fi wuyar samu. Duk waɗannan samfura ba su da amfilifaya a ciki, sai ka tanadi kuɗinta daban, kuma in tsohuwa ce daga Amurka ko Japan ka karanta bayanta kafin ka jona, don tasu wutar 120 ce da 100, tamu 230.