Keke ko babur don zuwa aiki kullum?

Salam jama'a. Ɗan'uwan da ya yi tambaya jiya, wai wajen aikinsa kilomita 6 ne daga gida, ya sayi keke yanzu ko ya ci gaba da tari har kuɗin babur su cika, to ga nawa ra'ayin tunda duka biyun na hau su.

Lokaci dai shi ne abin da kowa ke fara tsoro. Mutum daidai wa daida wanda ba ɗan tsere ba yana cin kilomita 15 a awa guda a kan keke hankali kwance, ka ga kilomita 6 ɗinka wajen minti 25 kenan. Babur in hanya ta buɗe minti 10 zuwa 12 ka isa, amma sa cunkoso da danja da tsayawa shan mai a lissafin, sai ka ga ratar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba.

Wajen kashe kuɗi kam ba a ma haɗa su. Babur kullum bakinsa a buɗe yake, fetur, baƙin mai, fulogi, takardu, yau makanike gobe makanike. Keke abin da zai ci maka faci ne da robar birki da ɗan mai a sarƙa, taya kuma sai an daɗe. Shi ma facin da yawansa laifinmu ne, muna hawa da iska kaɗan, ka faɗa rami bakin wili ya matse tub ɗin, in ka ciro shi sai ka ga huji biyu gefe da gefe kamar saran maciji. Adadin iskar da tayar ke so a rubuce yake a jikinta, ka sayi famfo ka riƙa dubawa duk sati.

Inda babur ya yi wa keke fintinkau shi ne kaya, goyo, tudu, sai kuma uwa uba zufa. Wallahi zufar nan ta fi ciwon cinya korar mutane daga keke, cinya sati biyu ta saba, amma satina na farko na shiga wajen aiki bayan rigata sharkaf saboda jakar da na goya, ina ta raɓe-raɓe a jikin bango kar a gani. Daga baya na sa kariya, wato ƙarfen ɗora kaya a bayan keke, na ɗaure jakar a kai, ina tafiya da riga ta biyu, kuma minti biyar na ƙarshe sai in sassauta feda jiki ya huce kafin in sauka. Ranar ruwan sama kuwa duka biyun jiƙewa za ka yi, ba wanda ya fi wani.

Amma zufar ba asara ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, kai kuma zuwa da dawowa kwana biyar ya ba ka minti 250 ba tare da ka ware wani lokaci daban ba. Babur ba ya ba ka ko ɗaya.

Haɗari kowanne da irin nasa. Na babur gudu ne, in ka ninka gudu sau biyu tazarar da birki ke buƙata kafin ka tsaya tana ninkuwa sau huɗu. Na keke kuma rashin ganinka ne, musamman babbar mota in za ta sha kwana, kar ka kuskura ka tsaya a gefenta don direban ba ya hango ka a madubi, sai masu buɗe ƙofar mota ba dubawa. Fitila gaba da baya da hular kwano dole ne. Sata ma keke ya fi sauƙi tunda da hannu ɗaya ake ɗaga shi, ka ɗaure gangar jikinsa da ƙarfen da ba ya ciruwa, in taya kawai ka ɗaure taya kawai za ka tarar.

Ni a kilomita 6 keke zan ɗauka, in ya haura 12 ko kana kai yara makaranta to babur. Kafin ka biya dai ka ari keke ranar hutu ka je ka dawo ka duba agogo. Ba ka faɗa mana ba ma, akwai tudu a hanyar taka?