Browning, Beretta da Glock: abin da na gani bayan shekaru ina ɗauke da su a bakin aiki

Na shafe mafi yawan rayuwata ta aiki a matsayin jami'in tsaro a Kaduna, kuma a shekarun ƙarshe kafin in yi ritaya koyar da kurata harbi ne aikina, saboda haka har yau ƙananan jami'ai sukan tare ni da tambayar wace ƙaramar bindiga ce ta fi dacewa da mutumin da zai wuni da ita a ƙugu. Wannan sharhi domin su na rubuta shi. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sanya fistol da libarba cikin makaman da aka haramta wa jama'a, ba a mallakarsu sai da iznin Shugaban Ƙasa, don haka maganata ta shafi wanda hukuma ta ɗora wa amanar makami ne kawai.

Bindigar da aka fara damƙa mini ita ce Browning Hi-Power, wadda kamfanin FN na ƙasar Beljiyam ya fitar a 1935, kuma masana'antar ƙera makamai ta DICON da aka kafa a nan Kakuri a 1964 ta ƙera irinta. Ƙarfe ce zalla daga sama har ƙasa, tana cin harsashi 13 masu faɗin milimita 9, nauyinta kuwa ya kusa kilo ɗaya tun ba a sa mata harsashi ba. Wannan nauyin shi ne alherinta a filin harbi, domin idan ta tashi ba ta fizgar hannu, sai dai ta turo baya a hankali ta koma kan saiti, har mutum ya iya sakin harbi na biyu ba tare da ya sake neman abin da yake hari ba. Mariƙinta ya zauna mini a tafin hannu fiye da na kowace bindiga da na riƙe daga baya. Amma tana da cizo. Gudumar da ke bayanta takan matse fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya idan mutum ya riƙe ta sama sosai, kuma har yanzu akwai ɗan tabo a hannuna na dama da ta bar mini a makon farko.

Babban aibinta a wurinmu shi ne tsatsa. A watan Agusta, lokacin da ruwa yake sauka a Kaduna kusan kullum, gumi da laima sukan taru a cikin kube, kuma na taɓa ciro ta bayan sintirin kwana biyu na tarar da jan tsatsa ya fito a gefen da yake manne da jikina, daidai siffar ɗinkin kuben. Daga ranar na ɗauki al'adar goge ta da ƙyalle mai ɗan mai kowane dare. Da hunturu ya shigo kuma sai matsalar ta juya, domin ƙurar da iska take kwasowa tana haɗuwa da man da aka zuba da yawa ta zama kamar kwaɓaɓɓen laka a cikin hanyar da saman bindigar yake zamewa. A wannan lokaci ɗigo biyu na mai sun wadatar, a kuma share abin da ya yi saura.

Game da girman harsashi, matasa suna yawan ɗauka cewa wanda ya fi kauri shi ya fi amfani, kuma sunan .45, wato harsashi mai faɗin sama da milimita 11, yana burge su ƙwarai. Na harba shi sau da dama a wani kwas, a cikin bindigar da ake kira 1911 mai cin harsashi 7. Kan harsashinta yana kai giram 15, kusan ninkin na milimita 9 wanda yake wajen giram 8, sai dai ya fi shi tafiya a hankali, kimanin mita 250 a daƙiƙa ɗaya, alhali na milimita 9 yana wuce mita 350. Shurin da mai harbi yake ji yana fitowa ne daga nauyin harsashi da saurinsa a haɗe, sannan nauyin bindigar ya shanye wani kaso. Saboda haka .45 tana turo hannu da ƙarfi, tana ɗaga baki sama, kuma wanda bai yi atisaye mai yawa ba yakan fara runtse ido yana dannan bindigar ƙasa tun kafin ta tashi, harsashinsa ya riƙa faɗawa ƙasan allo. Bindigar Tokarev ta Rasha, mai cin harsashi 8 masu faɗin milimita 7.62, akasin haka take: harsashinta siriri ne mara nauyi amma mai tsananin gudu, ƙararta tana kashe kunne, kuma yana ratsa abin da aka harba ya wuce. Wannan hali ya sa ban taɓa natsuwa da ita ba a wuri mai cunkoso irin Kasuwar Barci ko tashar Kawo, inda bayan kowane mutum akwai wani mutum. Ba ta kuma da makullin kariya na sosai, sai rabin ɗana guduma kawai.

Ra'ayina ya tsaya a kan milimita 9, harsashin da Georg Luger ya ƙirƙira a farkon ƙarni na 20. Shurinsa kowa yana iya jurewa, bindiga tana ɗaukar adadi mai yawa, kuma shi ne aka fi samu a rumbun makamai, wanda hakan yake nufin jami'i zai sami abin yin atisaye. Hukumar FBI ta Amurka ma, bayan ta yi shekaru tana amfani da harsashin .40 mai faɗin milimita 10 wanda aka fitar a 1990, ta dawo kan milimita 9 saboda jami'anta sun fi samun saiti da shi.

Beretta 92 ta Italiya na riƙe ta na ɗan lokaci. Gangar jikinta alminiyam ce, samanta ƙarfe, tana cin harsashi 15, kuma ita ce sojojin Amurka suka ɗauka a 1985. Tana da laushin harbi, kuma buɗaɗɗen samanta yana sa kwanson harsashi ya fita ba tare da maƙalewa ba. Duk da alminiyam ɗin, nauyinta bai bambanta da na Browning sosai ba domin babba ce, mariƙinta kuma yana da kauri, harbin farko kuwa yana bukatar a ja kunama mai nisa da ƙarfi. Mai babban hannu zai ji daɗinta.

Glock 17 ce ta canja mini tunani, kuma ban karɓe ta da farin ciki ba a ranar farko, domin a ganina a lokacin bindigar da aka yi gangar jikinta da roba ba abin dogaro ba ce. Gaston Glock ne ya ƙera ta a Ostiriya, sojojin ƙasar suka ɗauke ta a farkon shekarun 1980, tana cin harsashi 17, kuma nauyinta babu harsashi yana wajen giram 700. Bambancin giram 200 zuwa 300 tsakaninta da Browning ba ya nuna komai a kan tebur, amma wanda ya tsaya a shingen bincike na hanyar Abuja tun asuba har magariba zai gane shi a ƙugunsa da bayansa. Robar ba ta tsatsa, ba ta ɗaukar zafin rana kamar ƙarfe idan aka bar ta a mota, kuma sassanta kaɗan ne, ana kwance ta a goge cikin ƴan mintuna. Na yi damina uku da ita ban ga ɗigon tsatsa a jikinta ba.

Rashin nauyin yana da farashinsa. Shurinta ya fi na Browning kaifi duk da harsashinsu ɗaya ne, kuma tana bukatar a ƙanƙame ta da wuyan hannu a miƙe. Na ga kurata da yawa suna riƙe ta sako-sako, sai saman ya kasa komawa baya gaba ɗaya, kwanso ya maƙale a tsaye a bakin ramin fita, su kuma su ce bindigar ce ta lalace. Sai in karɓa in harba sauran harsasan a gabansu ba tare da tangarɗa ba, sannan in gyara musu riƙo. Abin da ya fi damuna da ita shi ne ba ta da makullin da ake murɗawa da yatsa, kariyarta tana jikin kunama da cikin bindigar, kuma kafin a kwance ta dole sai an ja kunamar. Wanda bai saba cire gidan harsashi ya leƙa cikin bututu da idonsa ba yana iya jawo wa kansa ko abokin aikinsa musiba. Dole kuma kubenta ya zama mai tauri wanda ya rufe kunama ruf, ba irin na fata mai laushi da ake ɗinkawa a kasuwa ba.

Idan aka ce in zaɓa wa mai aikin sintiri, Glock zan miƙa masa, in kuma nace a ba shi harsasan atisaye. Sai dai ba na yanke wa kowa hukunci kafin in ga hannunsa a kan mariƙi. Akwai wata kurtu da na koyar, mai ƙananan hannuwa, wadda yatsanta bai kai kunamar Beretta yadda ya kamata ba, Glock kuma tana maƙale mata a kusan kowane zagaye. Na ɗauko mata tsohuwar Browning daga rumbu, ta riƙe ta ta ce, “Oga, wannan ta zauna mini.” A tazarar mita 15 ta zuba harsasai goma a tsakiyar allo, a wurin da tafin hannu ɗaya zai rufe, kuma da ita ta ci jarrabawar harbi ta ƙarshen kwas.