Walda ko gicciyen ƙarfe mai noti: wanne ya fi tsare hangar tirela?

Ɗan'uwanmu da ke zaune a Amurka ya sayi tirelar kwana ta hannu, irin ɗakin nan da mota ke ja, mai aksil biyu, wato sanduna biyu da ke ɗauke da tayoyi. Ya leƙa ƙarƙashinta ya ga maratayin sifirin na baya, wanda makanikai ke kira hanga, ya ɗan karkata, shi ne yake tambaya ko ya kai wa mai walda a ƙara masa ƙarfe, ko kuwa ya sayi sandar da ake gicciyawa a ɗaure da noti. Malam, amsar tana rataye ne a kan abin da ka gani a jikin shasin, domin kowanne da ciwon da yake magani.

Tirela mai aksil biyu tana da hanga uku a kowane gefe, kuma an yi musu walda ne a ƙasan dogon ƙarfen shasi, wanda yawanci siriri ne saboda masu ƙerawa suna gudun nauyi. Idan ka sha kwana mai tsanani, musamman da ribas a kan kwalta, tayoyin ba sa bin layi ɗaya, wasu sai dai a ja su ta gefe. Wannan ja yana bi ta sifirin ya sauka a kan hanga, yana lanƙwasa ta ciki da waje kamar yadda ake lanƙwasa waya har ta karye. Nauyin kaya shi kaɗai bai cika karya hanga ba, turin gefen nan ne ke cinye ta.

Gicciyen ƙarfe yana haɗa hangar dama da ta hagu, ta yadda idan ɗaya ta so karkata sai ɗayar ta riƙe ta, turin ya rabu gida biyu. Kamfanin MORryde na garin Elkhart a jihar Indiyana yana sayar da irinsa da sunan X-Factor, kuma mai walda nagari zai iya haɗa makamancinsa da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu na inci 2. Ba a kusantar da wuta ga shasi, kana iya ɗaura shi da kanka a rana guda, kana kuma iya kwance shi. Amma ba ya ɗinke tsaga, notinsa yana buƙatar dubawa bayan tafiyar farko, sannan dole ka tabbata bai taɓa tankin ruwa ko bututun gas ba.

Walda kuwa tana gyara abin da ya riga ya lalace, tana kuma baza nauyin hanga a kan shasi idan aka sa mata tokari da fallen ƙarfe. A nan ne nake jin tsoro, domin na taɓa kai tawa tirelar kaya wurin wani mai walda, ya manna ƙarfe mai kauri mai kusurwa huɗu a kan tsagar ya zagaye shi da wuta. Bayan 'yan watanni sai ga wani siririn layin tsatsa, kamar zare, daidai bakin facin. Tsagar ta koma inda ƙarfe mai tauri ya haɗu da mai laushi. Aikin kirki shi ne a huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don ta daina tafiya, a goge ta a cike, sannan a ɗora faci mai kauri kusa da na shasin, mai tsawo, wanda bakinsa ya tsuke kamar kan kifi. Waldar ta bi tsawon shasi, kada ta ratsa leɓensa na ƙasa a gicciye, domin leɓɓan shasi ne suka fi shan wahala idan nauyi yana neman lanƙwasa shi. Kafin a kunna wuta a cire batir da tukunyar gas, a yaye robar da ta rufe ƙasan tirelar, a janye wayoyi. Idan akwai sauran garanti, ka tambaya tukuna, domin walda tana iya soke shi.

Shawarata ita ce ka ɗaga tirelar, ka goge kewayen hanga shida da burushin ƙarfe, ka haska da tocila, har da bangon shasi da ke saman kowace hanga. Idan babu tsaga kuma karkatar kaɗan ce, a miƙe ta a sa gicciye, ka fara da ta baya da ta tsakiya. Idan ka ga fenti ya fashe a layi ɗaya ko ramin noti ya zama kamar ƙwai, to sai walda da sabuwar hanga, gicciyen ya biyo baya. Tunda ka riga ka kwance sifirin, ka canza bushin roba, wato zoben da noti ke ratsawa a bakin sifirin, zuwa na tagulla da noti mai ramin giris. Ka kuma sani cewa duk wannan ƙarin ƙarfe bai ƙara ko kilo ɗaya a kan nauyin da aka rubuta a jikin tirelar ba, hasali ma nauyinsa daga cikin kason kayanka zai fita.