Etymonline: inda nake bin asalin sunayen cututtuka

Ina koyar da ɗaliban aikin jinya, kuma abin da ya fi wahalar da su shi ne haddar sunayen cututtuka da Turanci. Shi ya sa nake tura su Etymonline, ƙamus na intanet da Douglas Harper ya kafa a 2001. Kyauta ne. Ka rubuta kalma, ya nuna maka harshen da ta fito da lokacin da ta shiga Turanci.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake haɗa kalmomi 'yan uwan juna. Nemi jaundice, wato ciwon shawara, za ka ga daga tsohon Faransanci take, daga jaune, rawaya. Cholera kuma daga khole ta Girkanci, ruwan matsarmama, kuma saiwarta ɗaya da kalmomin Turanci yellow (rawaya) da gold (zinariya). Daga nan sai ya kai ka melancholy, baƙin ruwan matsarmama, wanda likitocin dā suka ɗora wa laifin baƙin ciki. Rubella ja-ja ce a Latin, saboda ƙurajenta. Leukemia, wato kansar jini, ma'anarta jini mai launin fari. Cirrhosis daga kirrhos ta Girkanci, rawaya-rawaya, launin da hanta ke komawa idan ta lalace. Likitocin dā sau da yawa abin da suka gani da ido shi suka sa wa suna. Ɗalibin da ya fahimci haka ya riƙe sunan da alamar cutar a lokaci guda, ba ya mantawa.

Malaria dabam take: mala aria, mummunar iska a Italiyanci, don an ɗauka tururin fadama ke kawo zazzaɓin. Sai a 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro, amma sunan ya riga ya zauna.

Ɓangaren launuka ma da daɗi. Crimson, wato ja mai duhu, daga qirmiz ta Larabci, wani ƙwaro da ake rini da shi. Magenta, wato ja mai sirkin shuɗi, sunan gari ne a Italiya inda aka gwabza yaƙi a 1859, aka sa wa launin sunansa.

Bayanansa a taƙaice suke, da gajerun alamomi da yawa, don haka sabon ɗalibi zai so malami kusa da shi a makon farko. Kuma tarihin kalma yake bayarwa, ba magani ko hanyar gane cuta ba, wannan aikin littafin likitanci ne. Ga malamai da masu fassara da ɗaliban lafiya, ina ba da shawararsa da zuciya ɗaya.