Ziyarar gidan San Esteban a Salamanka: ɗakin da bai kamata a wuce ba

Mai son ganin inda malaman Sifaniya suka fara taka wa sarakunansu birki, to ya sayi tikitin shiga gidan limaman Katolika 'yan ɗariƙar Dominikan na San Esteban, a birnin Salamanka. Daga tashar Chamartín ta Madrid jirgin ƙasa mai sauri bai kai awa biyu ba. A je da safe, domin gidan yakan rufe da tsakar rana sai la'asar. A ware awa ɗaya da rabi.

Ginin kansa ya biya kuɗin shiga. An fara cocin a 1524, aka gama a 1610. Akwai matakalar dutse da Domingo de Soto, wani malamin tauhidi na gidan, ya ɗauki nauyin ginawa, wadda ke hawa ba ginshiƙi a ƙarƙashinta. Sai dai nan ne matsalar take: ado yana janye ido, baƙo ya wuce abin da ya kawo shi.

Abin kuwa shi ne wani ɗaki mara ƙawa a gefen farfajiyar ƙasa, tsohon zauren shawarar limamai, wanda ake kira makabartar malaman tauhidi. Nan aka binne Soto da Francisco de Vitoria. Vitoria ya samu babbar kujerar koyarwa a Jami'ar Salamanka a 1526, ya rasu a 1546. A laccarsa ta 1539 kan mutanen asalin nahiyar Amurka, ya ce su ne masu ƙasarsu da dukiyarsu tun kafin Turawa su zo, rashin bin Kiristanci bai ƙwace musu wannan haƙƙi ba, kuma Fafaroma ba shi da ikon duniya da zai kyautar da ƙasar wasu. Kafin shekarar ta fita Sarki Charles na biyar, mai mulkin Sifaniya, ya aiko wa shugaban gidan takardar ƙorafi kan irin waɗannan maganganu. Daga gidan nan kuma Antonio de Montesinos ya fito, wanda a 1511 ya hau mumbari a tsibirin Hispaniola da ke yankin Karibiyan ya caccaki 'yan uwansa Sifaniyawa kan azabtar da mutanen asalin wurin.

Dutse ba ya ba da wannan labari, don haka a karanta kafin a zo, ko a ɗauki ɗan jagora a gaya masa tun a ƙofa cewa tarihin tunani ake so, ba na zane ba. A kuma tambaye shi abin da ba a cika faɗa ba. Vitoria ya bar ƙofa a buɗe: ya ce Sifaniyawa na da 'yancin tafiya da ciniki da wa'azi, in an hana su suna iya kai wa ga yaƙi. Kan cinikin bayi 'yan Afirka da mutanen Fotugal ke yi kuwa, amsarsa ta yi sanyi ƙwarai, kuma hakan na da ciwo.

Daga nan a taka zuwa tsohon ginin jami'ar, wadda aka kafa a 1218, tafiyar 'yan mintoci. Tikitinsa daban ne, kuma akwai aji mai sunan Vitoria a ciki.