Haɗa na'urar rarraba Wi-Fi da hannu ko sayen ta kanti?

Ɗan'uwa na Birnin Kebbi, ka ce rautarka tana falo amma sigina ba ya kaiwa ɗakunan cikin gida, kana tambaya ko ka haɗa mai rarrabawa da Raspberry Pi, wato 'yar ƙaramar kwamfuta mai allo ɗaya, ko ka sayi ƙerarriya. In don amfanin iyali ne, ka saya.

Haɗawar tana yiwuwa. Pi 4 yana da Wi-Fi a jikinsa, kuma manhajar hostapd za ta sa ya riƙa rarrabawa. Amma eriyarsa ɗaya ce, 'yar mitsitsiya a jikin allon, kuma dole ka zaɓi zangon sigina na 2.4 ko na 5 GHz, ba ya ba da duka biyun lokaci guda. Bangon bulo da ya tare rautarka shi ma zai tare shi. Abin da ya fi damuna shi ne wuta. Pi daga katin memori yake aiki, in aka ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu katin na iya lalacewa, ya ƙi tashi, kai kuma kana kasuwa, mutanen gida ba su san inda za su taɓa ba. Ga zafi: da ya kai wajen digiri 80 yake rage gudu, kuma ka san Afrilun Kebbi, a inuwa ma ana haura 40. Kafin ka haɗa fanka, akwati, kati da caja mai 5V 3A, sau da yawa kuɗin ya wuce na ƙaramar rauta.

Ta kanti, irin su TP-Link, MikroTik ko Ubiquiti, yawanci eriya biyu ce ko fiye, kuma da wuta ta dawo take tashi da kanta. Da yawansu 9V ko 12V suke ci, ƙaramin batiri ya riƙe su. Masu PoE kuwa kebul ɗaya ne ke kai musu wuta da intanet har mita 100. Aibinsu, kamfani kan daina sabunta manhajar bayan wasu shekaru.

In koyo kake so, nemi tsohuwar rauta da ke karɓar OpenWrt, manhajar rauta ta kyauta wadda ake amfani da ita tun 2004. Ka duba lambar samfurin a jerin rautocin da OpenWrt ke aiki a kansu kafin ka biya.

Kowacce ka ɗauka, ja kebul daga falo ka kafa ta sama a barandar tsakar gida, nesa da zafin kwanon rufi, ka bar wa ɗakunan nesa 2.4 domin ya fi ratsa bango.